Daga Surame Zuwa Gidan Nabame: Fadojin Kabawa

Matafiyin da ya tashi daga Gesse a Birnin Kebbi ya kama hanyar Argungu, gefen fadamar Gulbin Rima yake bi. A bakin wannan fadama Kabawa suka kafa manyan mazaunan sarautarsu guda uku, Surame da Birnin Kebbi da Argungu, domin sun san ruwa da taɓo na tare dawakin abokan gaba fiye da kowace ganuwa.

Muhammadu Kanta ne mafarin labarin. Ya bi Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas, aka samu saɓani kan rabon ganima, sai ya yi tawaye wajen 1516 ya tsaya da ƙafarsa. Wanda ya yi wa Askiya tsaurin ido kuwa dole ya nemi mafaka mai ƙarfi, shi ya sa ya gina Surame.

Abin da ya bambanta Surame da Kano ko Zariya shi ne dutse. Galibin biranen Hausa da jar ƙasa suka yi ganuwarsu, amma maginan Kanta duwatsu suka jera, suna cike tsakaninsu da ƙasa. Ganuwar ba ɗaya ba ce. Akwai ta waje mai kewaye gari, akwai ta ciki, sannan gidan sarki da nasa katangar a can tsakiya, ta yadda maharin da ya fasa ta farko zai tarar da wata a gabansa. A wajen ganuwa an haƙa gwalalo. Dattawa na ba da labarin jirgin ruwan Kanta da aka lulluɓe da tagulla, wanda yake ratsa fadama da shi idan ruwa ya cika, abin da ke nuna yadda mulkinsa ya dogara da gulbi. Yau kufan Surame yana ƙaramar hukumar Binji ta Jihar Sakkwato. An ayyana shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1964, aka sa shi jerin wuraren da ke jiran amincewar UNESCO a 2007. Duk da haka ɗalibai da yawa a Kebbi sun gama sakandare ba a taɓa kai su ba, kuma wannan asara ce babba.

A farkon ƙarni na 18 Sarki Tomo ya mai da fada Birnin Kebbi. Nan ta zauna har 1805, lokacin da rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci birnin.

Kabawa ba su miƙa wuya ba. An kashe Sarki Karari a 1831, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato, ya yi shekaru a hannun Sarkin Musulmi. A 1849 ya ɓalle, ya tsayar da sarauta a Argungu, garin da daga nan Sakkwato da Gwandu suka kasa ci har zuwan Turawa a 1902.

Gidan Nabame, tsohuwar fadar Argungu, ginin ƙasa ne irin na Hausa. A wannan salon magini kan mulmula tubali da hannu, ya shanya shi, ya jera da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ya yi rufi da azarar giginya wadda gara ba ta ci da sauƙi. Kaurin bango ke sa da tsakar ranar bazara mutum ya shiga zaure ya ji sanyi ya ratsa shi. Baƙo kuma ba ya faɗawa cikin gida kai tsaye, sai ya bi zaure bayan zaure.

Sarakunan Kabi sun zauna gidan har 1942 da aka koma sabuwar fada, a 1958 kuma aka buɗe shi a matsayin Gidan Tarihi na Kanta. A ciki akwai masu da takubba da kwari da baka, da layun yaƙi, da tambura, da kayan su irin waɗanda masunta ke shiga kogin Matan Fada da su. Kaburburan sarakuna ma suna harabar, don haka mutanen gari ke shiga da ladabi.

Ginin ƙasa yana son yaɓe kafin kowace damina, da gyaran indararo don kada ruwa ya zauna a kan soro. Maginan da suka iya wannan aiki suna raguwa, kuma ya kamata masarauta da gwamnatin jiha su ɗauki matasa su koya daga hannunsu tun suna raye.