Matsayin maza da mata a bitar binciken lafiya

Kafin hukumomin lafiya su amince da wani magani, sukan dogara ne da abin da ake kira bita mai tsari, wato masana su tattaro dukkan binciken da aka taɓa yi a kan maganin, su tace shi, sannan su fitar da hukunci guda.

Ƙungiyar Cochrane, wadda aka kafa a Birtaniya a shekarar 1993, ita ce ta fi shahara a wannan fage, kuma tana da reshe a Calabar ta Najeriya.

Sai dai bita ba ta iya bayar da abin da babu shi a cikin binciken da ta tattaro, kuma an daɗe ana gwajin magunguna ba tare da mata ba.

Bayan da maganin Thalidomide ya haddasa haihuwar jarirai fiye da 10,000 da nakasa, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba da shawara a 1977 cewa a daina sanya matan da ke iya ɗaukar ciki a matakan farko na gwaji. Sai a 1993 aka janye wannan mataki.

Asfirin ya nuna illar hakan. A 1989 aka wallafa sakamakon gwaji a kan likitoci 22,071 a Amurka, wanda ya nuna cewa maganin ya rage haɗarin bugun zuciya da kashi 44 cikin 100. Babu mace ko ɗaya a cikinsu.

Da aka gwada shi a kan mata kusan 40,000, sakamakon da ya fito a 2005 ya sha bamban: ya rage shanyewar ɓarin jiki da kashi 17 cikin 100, amma bai rage bugun zuciya ba in ban da ga waɗanda suka kai shekara 65.

Haka kuma a 2013 hukumar ta Amurka ta rage adadin maganin barci na Zolpidem da ake ba mata zuwa rabi, saboda ya fi daɗewa a jininsu.

Wannan duk bambanci ne na halitta. Akwai kuma wanda ke tasowa daga irin ayyukan da al'umma ta ɗora wa namiji da mace, kodayake a Hausa kalmar jinsi ce ke ɗaukar duka biyun.

Alal misali, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce amosanin ido, wanda aka sani sosai a yankin Sahel, na makantar da mata har ninki huɗu na maza, mai yiwuwa saboda su ne ke rainon yaran da ke ɗauke da cutar. Bitar da ta haɗe alƙaluman maza da mata wuri guda ba za ta ga wannan ba.

To amma raba alƙaluma shi ma yana da nasa tarko. A 1988 masu wani babban gwajin asfirin sun karkasa majinyata kusan 17,000 bisa taurarin watan haihuwarsu, da gangan, sai ga shi maganin kamar bai yi wa 'yan taurari biyu amfani ba. Sun yi haka ne don nuna yadda dace kawai ke iya haifar da bambancin ƙarya.

Hasali ma, wata bita da aka wallafa a 2009 ta gano cewa idan aka haɗa manyan cututtukan jijiyoyin jini baki ɗaya, amfanin asfirin ga maza da mata kusan ɗaya ne.

Shi ya sa ake son masu bita su bayyana tun kafin su fara aiki ko za su duba bambancin jinsi, da dalilinsu. Ƙa'idojin SAGER, da ƙungiyar editocin kimiyya ta Turai ta fitar a 2016, sun kuma buƙaci mai bincike ya faɗi yawan maza da matan da ya yi aiki da su, kuma idan jinsi ɗaya ne kawai, ya bayyana hakan tun daga kanun rahotonsa.