Cuku Laba 12: Nazari a kan Mutuwar Elizabeth Beckford a Jirgin Lady Penrhyn, 1787

Tsakure

Maƙalar ta dubi mutuwar wata tsohuwar fursuna a ayarin jirage 11 da Ingila ta fara turawa Ostireliya, ta hanyar bayanan kotun Old Bailey da littafin da likitan jirgin ya riƙa rubutawa kullum. Abin da take son nunawa shi ne, tun a tudu aka yanke ƙaunar wannan mata.

Shari'a da tafiya

A watan Janairun 1787 kotun Old Bailey da ke Landan ta sami Elizabeth Beckford da laifin satar cuku laba 12, ta yanke mata korar shekara 7 daga ƙasa. Shekarunta sun kai 70. A lokacin gidajen yarin Ingila sun cika maƙil, domin tun da Amurka ta ɓalle aka rasa inda za a riƙa jibge fursunoni. Aka sa ta a Lady Penrhyn tare da mata kusan 100.

Jagoran ayarin, Arthur Phillip, ya rubuta wa hukuma takardar koke a kan yadda aka kawo matan: tsumma a jiki, ga dauɗa, ga zazzaɓi. Duk da haka ayari ya tashi daga Portsmouth ranar 13 ga Mayu, ba tare da an kawo wa matan cikakkun tufafinsu ba.

Mutuwar

A watan Yuli, tsakanin tsibirin Tenerife da Rio de Janeiro, rai ya yi halinsa. Likita Arthur Bowes Smyth ya rubuta cewa ciwon kumburin jiki ne, kuma ta daɗe tana fama da shi. Wannan ɗan bayani shi ne ƙashin bayan hujjarmu. Ciwon da ke tara ruwa a ƙafafu da ciki galibi alama ce ta gazawar zuciya, ƙoda ko hanta. Ba a wata biyu na tafiya ta same shi ba. Da shi ta hau jirgi. Aka yi mata addu'a, aka saki gawar a teku.

Masana kan yabi wannan ayari saboda ƙarancin mace-mace, musamman in an kwatanta da na 1790, wanda kusan kashi ɗaya cikin huɗu na fursunoninsa suka mutu a hannun 'yan kwangilar da ake biya bisa yawan waɗanda aka loda, ko sun isa da rai ko ba su isa ba. Yabon da gaskiyarsa, amma ƙidayar gawa ba ta tambayar wa ya cancanci a loda tun farko. Mulkin da ke neman majiya ƙarfi su sare daji ya aika tsohuwa mai jinya tafiyar wata takwas.

Ayarin ya isa Botany Bay da ke Ostireliya a Janairun 1788, wata shida bayan an jefa ta a ruwa.