Malafar Jaji: Yadda Nana Asma'u Ta Shugabanci Makarantar Da Ba Ta Da Katanga

Jama'a, makiyaya da ke ruga da mashekari, da ku 'yan kasuwa masu kai da kawo tsakanin Illela da Ƙonni, ko Jibiya da Maraɗi. Maganar wannan mako ta shafi abin da ke damun iyaye da yawa a cikinku. An gina makaranta, an sa yaro, ya bar kiwo ko tsaron kaya yana zuwa, amma shekara uku ta wuce bai iya karanta takardar asibitin dabbobi ba. Wani ya ce laifin yaro ne, wani ya ce na gwamnati. Kafin a yanke hukunci, ku zo mu koma baya mu ga yadda wata baiwar Allah ta tafiyar da karatun matan ƙauye da ruga, ba aji, ba benci, ba albashi.

Sunanta Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Shi Shehu a Maratta aka haife shi a 1754, garin da yau yake cikin ƙasar Nijar, kuma babban malaminsa shi ne Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya zauna a Agadas. Ke nan wannan tarihi na kowa ne, na wannan ƙetare da na wancan. An haifi Asma'u a 1793, ta tashi a Degel. Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga yaƙi da yunwa da ƙaura da idonta. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama wazirin ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Da ƙurar yaƙi ta lafa, sai ga matsala a fili. Ƙasa ta cika da mata waɗanda yaƙi ya raba da garuruwansu, ga zawarawa, ga matan ƙauyuka masu nisa da Sakkwato. Da yawansu ba su san hukuncin tsarki da salla ba, abin da suka tashi suka tarar shi ne bori. Matar aure kuwa ba ta da halin barin ɗaki da 'ya'ya da tatsa ta tafi birni neman karatu. To, yaya za a yi?

Asma'u ba ta ce sai kowa ya zo gabanta ba. Sai ta zaɓi dattijai mata masu hankali da amana daga cikin ƙauyukan kansu, ta naɗa kowace shugabar matan yankinta. Sunan da aka ba irin wannan mata shi ne jaji. Ku fatake kun san kalmar, domin daga ayari aka aro ta: jaji shi ne mai shige wa ayari gaba, wanda ya san hanya da zango. Jaji takan taho wurin Asma'u tare da tsofaffi da 'yan mata waɗanda ba su yi aure ba, su ɗauki karatu, su koma gida su koyar da matan da ke ɗaka. Su ne aka sani da 'Yan Taru.

A cikin wannan tsari akwai dabaru huɗu da ya kamata duk mai riƙe da makaranta ya duba, ko hedimasta kuke ce masa, ko daraktan lakwal.

Ta farko, malamar 'yar gida ce. An san uwarta, an san ubanta, ba ta jiran ranar da za a yi mata canjin wurin aiki ta gudu.

Ta biyu, darasin da harshen mai koyo aka shirya shi. Asma'u ta iya Larabci sarai, amma abin da take son matan karkara su riƙe, da Hausa da Fulatanci ta tsara shi. Har waƙar mahaifinta, Tabbat Haƙiƙa, ta mayar da ita Hausa daga Fulatanci don ta isa kunnen kowa.

Ta uku, ta yi wa malamanta kayan aiki daidai da halin da suke ciki. Takarda tsada gare ta a wancan zamani, kuma yawancin masu koyon ba su iya karatu ba. Saboda haka ta zuba darasi cikin waƙa, wadda za a haddace a tafi da ita a ka, a rera ana daka ko ana kaɗi. A waƙar Sunago ta jera sunayen surorin Alƙur'ani. A Waƙar Gewaye ta ba da labarin tafiye-tafiyen Shehu da jama'arsa. Waƙa mai ma'auni da amsa-amo ba ta saurin ɓacewa, in kalma ta faɗi kunne zai ji.

Ta huɗu, ta ba malama daraja a idon jama'a. Takan ɗora wa jaji malafa, a ɗaura mata jan ƙyalle. Malafa a da alamar Innar Gobir ce, shugabar 'yan bori. Asma'u ta ɗauki alamar da mata suka riga suka sani suna girmamawa, ta ɗora ta a kan mai karantarwa. Da wata jaji mai suna Hauwa'u ta rasu, ita da kanta ta yi mata waƙar ta'aziyya. Malamin da shugabansa ya san shi haka, da wuya ya yi wasa da aiki.

Asma'u ta rasu a 1864, kabarinta na Hubbare a Sakkwato kusa da na mahaifinta. Amma aikin bai mutu da ita ba, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da shi, har bayan zuwan Turawa ana samun jajoji a ƙasar Sakkwato. Alamar shugaban ƙwarai ke nan, ya tafi aiki ya tsaya da ƙafarsa.

Gwamnatocin zamani ma sun dawo kan wasu daga cikin dabarun nan. A Nijar, a 1973 aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin a shigar da shi Faransanci. A Nijeriya, shirin ilimin makiyaya ya kankama lokacin da Farfesa Jibril Aminu ke ministan ilimi, kuma a 1989 aka kafa hukumar ilimin 'ya'yan makiyaya, mai hedikwata a Kaduna. An yi makarantun tafi-da-gidanka na tanti, an yi shirye-shiryen rediyo. Inda abin ya yi kyau, za ku tarar malamin na jin yaren yaran, kuma lokacin aji bai ci karo da lokacin fita kiwo ba. Inda ya lalace, sau da yawa an turo baƙo ne daga birni, ba ya jin Fulatanci, ba mai leƙa shi, damina na sauka ya ɓace.

To jama'a, ga inda maganar ta dawo kanku. Idan kun je makarantar 'ya'yanku, kada fenti da kwanon rufi su ɗauke muku hankali. Ku tambayi shugaban makarantar: yaushe rabonka da ka zauna a bayan aji ka saurari malami yana koyarwa? Da wane harshe ake fara wa 'yan aji ɗaya karatu? In mun tashi cin rani da shanu, ko kasuwa ta kai mu nesa, wane tanadi aka yi don yaro ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya? Akwai ɗan rugarmu da za a horar ya zama malami? Shugaban da ya san aikinsa ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba, zai ma ji daɗi.

Ku ma akwai naku nauyin. 'Yan Taru ba sa zuwa wurin Asma'u hannu rabbana, sukan taho da zuma da man shanu da hatsi, ita kuma ta raba wa mabukata. Yau arɗo da sarkin kasuwa na iya haɗa kai a sama wa malami ɗakin kwana da ruwan sha, a kuma daidaita da hedimasta kan sa'o'in karatu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ba wanda zai ba makiyayin haya garke ya kwana uku bai je ya duba ba, haka ba ɗan kasuwar da zai bar yaron shago wata guda ba lissafi. Yaron da kuka kai makaranta ya fi garke da shago. Allah Ya jiƙan Nana Asma'u, Ya shirya mana zuriya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.