Ƙafa 12 Saboda Ƙafa 1: Yadda Gangarar Bakin Ƙofa Ta Zama Doka a Amurka

Mu masu sana'ar rubuta manhajar kwamfuta muna da wata ɗabi'a da kan ƙular da masu ba mu aiki. Idan mutum ya ce yana son manhajarsa ta yi sauri, ba ma taɓa komai sai ya faɗa mana saurin daƙiƙa nawa yake nufi. Dalili kuwa, sharaɗin da ba shi da ma'auni kowa zai iya rantsuwa cewa ya cika shi. Da wannan ido muka karanta tarihin yadda naƙasassu a Amurka suka samu damar shiga gine-gine da motocin haya, sai muka ga ashe mafi yawan faɗan ba kan tausayi aka yi shi ba. Kan inci da ƙafa aka yi shi, da kuma sa hannun hukuma.

Labarin ya faro ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da samari da yawa suka koma gida a kan keken guragu saboda raunin laka. Gwamnati ta ɗauki nauyin karatun tsofaffin sojoji, amma azuzuwan duk a saman matakala suke. A 1948 wani matashin malami, Timothy Nugent, ya fara shirin karɓar irin waɗannan ɗalibai a Jami'ar Illinois. Abin da ya bambanta shi da sauran masu kyakkyawar niyya shi ne gwaji. Ya riƙa sa ɗalibansa suna hawa gangara iri-iri, mai tsauri da mai sauƙi, ana lura da inda hannu ke gazawa.

Daga wannan bincike aka samu ƙa'idar gini ta 1961, wadda ita ce ta farko irinta a ƙasar. A ciki aka ce duk hawan ƙafa 1 sai an shimfiɗa masa gangara mai tsawon ƙafa 12 aƙalla, kuma ƙofa idan an buɗe ta kada faɗinta ya gaza inci 32. Mu ɗan yi lissafi. Baranda mai matakala uku, kowace inci 6, ta tashi inci 18 ke nan daga ƙasa, don haka gangararta sai ta kai ƙafa 18. Mai gini zai ce wannan cin fili ne. To amma idan aka gajarta, keken zai iya kifewa ta baya wajen hawa, ko ya ƙwace wa mai shi wajen sauka.

Sai dai ƙa'idar ta 1961 shawara ce kawai, wanda ya ga dama ya bi. A 1968 majalisa ta wajabta samar da hanyar shiga a gine-ginen da aka yi da kuɗin gwamnatin tarayya. A 1973 kuma aka zartar da dokar gyaran rayuwar naƙasassu, wadda sashenta na 504 ya haramta wa duk cibiyar da ke karɓar kuɗin tarayya ta ware mutum saboda naƙasa. Jimla ce guda ɗaya, mai daɗin ji. Amma sai an fitar da cikakkun ƙa'idojin aiwatarwa kafin wata jami'a ko asibiti su san abin da ake nema daga gare su, kuma takardar ta yi kusan shekara huɗu tana jiran sa hannu.

Ranar 5 ga Afrilu 1977 haƙuri ya ƙare. Naƙasassu suka shiga ofisoshin ma'aikatar lafiya da ilimi da walwala a birane da dama suka zauna. A yawancin wuraren an watse cikin kwana ɗaya ko biyu. A San Faransisko kuwa mutum sama da ɗari, ƙarƙashin jagorancin Judy Heumann da Kitty Cone, suka ƙi fita. Aka katse musu waya da ruwan zafi. Kuramen da ke ciki suka koma isar da saƙo ta taga da maganar hannu, 'yan ƙungiyar Black Panther suna kawo musu dafaffen abinci kullum. Mu tuna cewa a cikinsu akwai waɗanda ba sa iya juya kwanciya sai da mai taimako, ga shi a daɓen ofis suke kwana. Ranar 28 ga Afrilu sakataren ma'aikatar, Joseph Califano, ya sa hannu ba tare da an rage komai ba.

Ginin da za ka iya shiga bai amfane ka ba idan babu motar da za ta kai ka. A birnin Denba, hukumar sufuri ta sayi sababbin motocin bas masu yawa, babu na'urar ɗaga keke a jikinsu. Ranar 5 ga Yuli 1978 mutum 19 suka zagaye bas biyu da kekunansu a wata babbar mararraba, wasu suka sauka suka kwanta a kan kwalta, suka kwana a nan. Daga cikin wannan yunƙuri ne ƙungiyar ADAPT ta fito a 1983, ta shafe shekaru tana bin tarukan masu harkar sufuri gari-gari tana tare musu hanya. Hujjar kamfanonin ita ce tsada, da cewa ai za a iya ware wa guragu motarsu ta daban. Masu keken suka ce motar da sai ka nema tun jiya ba motar haya ba ce.

Hoton da duniya ta fi sani shi ne na 12 ga Maris 1990. Babbar dokar naƙasassu ta maƙale a majalisar wakilai, sai masu zanga-zanga gommai suka ajiye kekuna da sanduna a gindin matakalar majalisa a Washinton, suka hau da rarrafe. A cikinsu har da yarinya 'yar shekara 8, Jennifer Keelan. Ranar 26 ga Yuli Shugaba George Bush babba ya sa hannu. Wannan karon dokar ta haɗa da shaguna da otal-otal da gidajen abinci masu zaman kansu, ta kuma ce duk sabuwar bas da hukumar sufuri za ta saya dole mai keke ya iya shiga. A 1991 aka fitar da ƙa'idojin auno, kuma lissafin nan na 1 cikin 12 yana ciki, shekara 30 bayan an fara rubuta shi.

Abin da ya sa muka tono wannan tarihi yanzu shi ne, Najeriya ma tana da tata dokar. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya a Janairun 2019. Ta bai wa gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, ta kuma tanadi hukunci ga jami'in da ya amince da zanen ginin da bai cika sharaɗi ba. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024. A ganinmu, matakin da muke yanzu ya fi kama da Amurkar 1973 zuwa 1977: doka na nan a takarda, amma magini da mai duba gini ba su ɗauki ma'auni a hannu ba. Wanda ya taɓa ganin mai keke a bakin ƙofar tsaron banki, wadda mutum ɗaya ma sai ya matse yake shiga, ya san abin da muke faɗa.

Kwanakin baya mun je wani ofishi da aka yi wa sabuwar gangara, muka roƙi tef a wajen wani kafinta da ke aiki a harabar, muka auna. Barandar ta tashi ƙafa 2 daga ƙasa, wato tana buƙatar gangarar ƙafa 24. Wadda aka yi ƙafa 5 ce, an lulluɓe ta da tayil mai santsi, kuma a samanta an ajiye tukunyar fure.