Meteosat: taurarin Turai da ke gadin sararin Afirka

Meteosat jerin taurarin ɗan'adam ne masu lura da yanayi, ƙarƙashin kulawar EUMETSAT, ƙungiyar ƙasashe 30 mai hedikwata a Darmstadt ta Jamus. An harba na farko a 1977. Babban cikinsu yana nisan kilomita kusan 36,000 a saman Mashigin Gini, tafiyarsa daidai da juyawar duniya. Afirka ce a tsakiyar hotonsa, Turai mai biyan kuɗin tana can gefe.

Na farko a zubi na uku ya tashi daga Kourou ranar 13 ga Disamba, 2022. Yana ɗaukar hoto duk minti 10 maimakon 15 na da, yana kuma da na'urar gano walƙiya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga Sahel, inda hadarin damina kan haɗu cikin 'yan sa'o'i, tashoshin auna yanayi na ƙasa kuma ƙalilan ne. Cibiyoyin ACMAD da AGRHYMET na Yamai da hukumar NiMet ta Najeriya duk suna amfani da bayanan Meteosat.

Taurari shida aka tsara wa zubin, huɗu na hoto, biyu na auna zafi da danshin iska, domin aikin kimanin shekara 20. Shekaru da dama kafin harbawa ake yanke abin da tauraro zai auna, kuma in ya tashi ba a sauya masa na'ura. Mambobin EUMETSAT ne ke da ƙuri'a a wannan shawara, babu ƙasar Afirka ko ɗaya a cikinsu.