Guzurin Fasinja a Jiragen Araha

Ranar 26 ga Satumba 1977, jirgin Skytrain na Freddie Laker ya ɗaga daga filin Gatwick na Landan ya nufi New York, kujera fam 59. Ko loma ɗaya ba ta cikin kuɗin. Mai son abinci sai ya biya daban, marar hali kuwa ya ƙullo guzurinsa tun daga gida. Laker ya gane cewa ɗalibi da ɗan ƙwadago tikiti mai sauƙi suke nema, kuma yana da gaskiya.

Kamfaninsa ya durƙushe a 1982, amma dabarar ta ɗore. A 1983 kamfanin People Express ya fara jigila daga Newark zuwa Gatwick a kan dala 149, ma'aikata na zagayawa suna sayar da kofi da abin taɓawa.

Malesiya ce ta ƙawata sana'ar. Kamfanin AirAsia X na ƙasar, da ya fara tashi a 2007, ya saba wa fasinja da yin odar abinci ta intanet kafin ranar tafiya. Da haka kamfani ke sanin yawan kwanon da zai loda, nauyi ya ragu, asara ta ragu. Abincinsa da ya fi fice shi ne nasi lemak: shinkafa dafaffiya da madarar kwakwa, ga miyar barkono, ga soyayyun ƙananan kifaye, gyaɗa da ƙwai. Ya karɓu sosai, har a 2019 AirAsia ya buɗe gidan abinci mai suna Santan a Kuala Lumpur, domin a riƙa cin abincin jirgi ba tare da an sayi tikiti ba.