Zargin Maguɗi Tsakanin Ɗan'adam da Na'ura a Fagen Wasa, 1770–2016

Gabatarwa

Tun daga ranar da aka fara zaunar da na'ura a gaban mutum don su kara a wasa, tambaya guda take ta dawowa: shin na'urar da gaskiya take cin wasan, ko kuwa akwai rinto? A zamanin nan akan ji wannan ƙorafi daga masu wasannin jera uku, watau irin waɗanda ake haɗa duwatsu uku masu launi ɗaya a kan allon kwamfuta ko wayar hannu, wani lokaci a haɗa da karta. Wannan lacca za ta bi tarihin zargin, domin a rarrabe abubuwa uku da ake yawan cuɗa su wuri guda, watau maguɗi na ainihi, da fifikon lissafi, da kuma sa'a.

Mutum a Cikin Akwati

A shekarar 1770 wani ma'aikacin fadar Ostiriya mai suna Wolfgang von Kempelen ya gabatar wa Sarauniya Maria Theresa wani abin al'ajabi a birnin Biyana. Mutum-mutumi ne sanye da rawani da tufafin Turkawa, yana zaune a bayan akwati, yana buga darar Turawa da ake kira ces. Kafin a fara wasa akan buɗe ƙofofin akwatin ɗaya bayan ɗaya, jama'a su ga ƙarafa da ƙafafun inji, su gamsu babu kowa a ciki. Na'urar ta zaga Turai, ta kara da Benjamin Franklin a Faris a 1783, ta kuma kara da Napoleon a 1809. Bayan rasuwar Kempelen a 1804 sai Johann Maelzel ya saye ta, daga baya ya kai ta Amurka. A can ne marubuci Edgar Allan Poe ya fitar da maƙala a 1836 yana kafa hujja cewa lalle akwai mutum a ciki. Haka kuwa abin yake: gwanin ces ne ke ɓoye a kan wata kujera mai zamewa, yana kauce wa kowace ƙofa da aka buɗe. Na'urar ta ƙone a gobara a Filadelfiya a 1854.

Ashe ke nan zargin yana da asali. Shahararriyar na'urar wasa ta farko yaudara ce, kuma masu shakka su ne suka yi gaskiya.

Lokacin da Na'ura ta Fara Ci da Kanta

A watan Yuli na 1979, a Monte Carlo, wata manhaja mai suna BKG 9.8, wadda Hans Berliner na Jami'ar Carnegie Mellon ya rubuta, ta ci zakaran duniya na wasan bakgamon, Luigi Villa, da maki 7 da 1. Shi bakgamon wasa ne da ake jefa ƙwaya kamar ta ludo, saboda haka akwai rabon gwaninta, akwai na sa'a. Berliner da kansa ya nazarci wasan daga baya, ya bayyana cewa Villa ya fi iya wasa, ƙwaya ce ta fi faɗo wa manhajar daidai. Babu wanda ya taɓa ƙwayar, amma duk da haka wanda ya fi iyawa ya sha kaye. Gajeren wasa ba ya isa a auna gwaninta da shi.

Sa'an nan sai karon da ya fi kowanne suna. A 1996 Garry Kasparov ya ci na'urar Deep Blue ta kamfanin IBM da maki 4 da 2. A watan Mayu na 1997, a birnin Niyok, na'urar da aka sake ƙarfafawa ta rama da maki 3½ da 2½. Tana iya duba yanayin allo kimanin miliyan 200 a cikin daƙiƙa ɗaya. A wasa na biyu ta ƙi wani tayi da ake zaton kowace na'ura za ta afka masa, sai Kasparov ya yi zargin cewa akwai hannun mutum. Ya nemi a nuna masa bayanan lissafin na'urar, ba a ba shi a lokacin ba, sai daga baya kamfanin ya wallafa su. Ba a sami shaidar maguɗi ba. Amma jinkirin da aka yi, tare da ƙin sake karawa, ya sa zargin ya daɗe yana yawo.

Wasannin Jera Uku

Mai karatun da ya san dara ba zai sha wuyar fahimtar waɗannan wasanni ba, domin ita ma dara, mai gidaje 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, a kan jera uku take tafiya. Bambancin shi ne a dara kome a fili yake, babu abin da ke faɗowa daga sama. A wasan Bejeweled kuwa, wanda kamfanin PopCap ya shahara da shi tun daga 2001, allo mai gidaje 64 ne cike da duwatsu. In an jera uku sai su ɓace, waɗansu sababbi su faɗo su cike gurbin.

A 2007 Steve Fawkner na ƙasar Ostireliya ya fito da Puzzle Quest, inda mutum da na'ura ke karɓa-karɓa a kan allo guda, kuma wanda ya jera huɗu ya sami ƙarin bugu. A 2015 aka fito da wani reshensa da aka haɗa da kartar Magic: The Gathering. Tun fitowar na farkon masu wasa suka yi ta kukan cewa na'urar tana ganin duwatsun da ba su faɗo ba tukuna. Fawkner ya sha musanta haka.

Akwai dalilan da za su sa mai gaskiya ya yi kama da mai rinto a nan. Na farko, a allo mai gidaje 8 sau 8, hanyoyin musanya dutse da maƙwabcinsa 112 ne kacal. Na'ura tana duba su duka kafin ƙiftawar ido, alhali idon mutum yakan tsallake jerin huɗu yana gabansa. Na biyu, allon na tarayya ne, saboda haka duk abin da mutum ya bari, abokin karawarsa ne zai gada. Wanda ya yi bugu bai duba abin da zai biyo baya ba, shi ya yi wa na'ura shimfiɗa. Na uku, zuciya ba ta riƙe lissafi da adalci. In duwatsu suka zubo wa mutum daidai, sai ya ce iyawarsa ce. In suka zubo wa na'ura, sai ya ce da walakin. Masana halayyar ɗan'adam Amos Tversky da Daniel Kahneman sun nuna a 1971 cewa mutane, har da masu ilmin ƙididdiga, sukan ɗauka cewa 'yan misalai kaɗan sun isa su nuna yadda abu yake, alhali sa'a takan zo a jere ba tare da wani ya shirya ta ba.

Inda Aka Karkatar da Ma'auni

Wannan ba ya nufin a wanke kowace na'ura. A wasan Civilization na Sid Meier, wanda ya fito a 1991, da waɗanda suka biyo bayansa, akan sauƙaƙa wa na'ura farashin gine-gine da na mayaƙa a matakai masu wuya, domin dabararta ba ta kai ta mutum ba. Abin mamaki kuma, sau da yawa mutum ake yi wa alfarmar. Meier ya bayyana a wani taro a 2010 cewa masu wasa ba sa yarda su faɗi a yaƙin da ƙarfinsu ya kai 3 a kan 1, ko da yake lissafi ya nuna za a faɗi sau ɗaya cikin huɗu; sai aka gyara lissafin ya dace da zatonsu. Haka nan XCOM 2 na 2016 yana ƙara wa mutum damar samun bārā a ɓoye a matakai masu sauƙi.

Inda kuɗi ya shiga kuwa, maganar ta wuce wasa. A 1989 hukumar kula da caca ta jihar Nevada a Amurka ta gano cewa kamfanin American Coin ya sauya manhajar injinan kartarsa don kada babbar kyauta ta fito. Kamfanin ASF Software kuma ya wallafa hanyar da manhajarsa ke bi wajen cakuɗa karta, don ya nuna adalcinsa. Karta 52 tana iya jeruwa ta hanyoyin da adadinsu ke da lambobi 68, amma a 1999 masu bincike suka gano manhajar tana dogara da agogon kwamfuta, wanda ya taƙaita hanyoyin zuwa 86,400,000. Da ganin karta biyar suka iya sanin sauran duka. Da ba a buɗe littafin ba, da ba a ga ɓarakar ba.

Kammalawa

Daga wannan tarihi ana iya fitar da ma'auni. In ana zargin na'ura, sai a tambaya: tana ganin abin da aka ɓoye wa mutum? Dokar da ke kanta ita ce ke kansa? Ƙwaya ko karta iri ɗaya take faɗo musu? In amsoshin sun nuna daidaito, to abin da ya rage fifikon lissafi ne ko sa'a, kuma babu ɗayansu da ke zama rinto. Ba a kuwa samun amsoshin nan ta hanyar jin zafin kaye, ko ta hanyar rantsuwar mai na'ura. Sai an ƙirga wasanni masu yawa an rubuta sakamakonsu, an kuma bar wani na waje ya duba manhajar.

Wannan ma'auni ya shafi ɗalibi da ma'aikacin gwamnati fiye da yadda za a zata, domin yau kwamfuta ke tace sakamakon jarrabawa, da jerin albashi, da sunayen masu neman aiki. Jama'ar Biyana sun ga ƙofofin akwati a buɗe, amma ɗaya bayan ɗaya, kuma mai akwatin ne ya zaɓi wadda za a fara buɗewa. Jami'in da aka kawo wa na'ura don ya amince da ita, wajibinsa ne ya nemi a buɗe masa ƙofofin duka a lokaci guda.